Harajin Don Eulogio

Shekara ashirin da biyu Don Eulogio Taveras yana gyaran fanka da injin markaɗe a wata 'yar rumfa kusa da gidana a Santiago. Ni na riƙe ɗansa na fari ranar baftisma, shi ya sa compadre muke ce wa juna. Sai dai ba da gyaran fanka aka san shi a gari ba. Kullum ƙarfe bakwai na safe, kafin ya kurɓi kofi, sai ya buga waya gidan rediyo, a shirin da jama'a ke kai kokensu, ya fara da magana ɗaya: "Ni ne Eulogio Taveras, mai biyan haraji." Daga nan kuma sai abin da ya zo bakinsa. Ramin da ke titinmu, ɗauke wuta, 'yan majalisa da manyan motocinsu. Waɗanda ya fi sa wa ido su ne ma'aikatan ofishin haraji. Cewa yake da guminsa suke shan sanyin na'ura suna barci a kan tebur. 'Yan achaɓa in sun zo wucewa ta rumfarsa sai su ɗaga hannu su ce, "Mai Haraji, ka gaya musu."

Matarsa Doña Fredesvinda gyaran gashi take yi a falon gidansu, da kujeru uku da mata biyu masu taya ta. In ana zancen sana'a, Don Eulogio yakan ce ya bar ta tana yi ne don kada zaman banza ya dame ta.

A farkon Fabrairu wani babban aiki ya faɗo masa. Masu kula da makarantun yankinmu suna neman wanda zai gyara fanka ɗari da arba'in kafin zafi ya shigo, wani malami ya ba da sunansa. Sharaɗi ɗaya suka sa: ya kawo takarda daga ofishin haraji mai nuna ba a binsa komai.

Da la'asar ranar muka buga wasan domino a ƙofar kantin Chepe, aka cinye shi sau huɗu a jere. Da sauran suka tashi sai ya matso da kujerarsa.

"Compadre, ka san wani a ofishin haraji?"

"Kai da kake gaishe su kullum da safe kake tambayata?"

Bai yi dariya ba. Ya ce, "Ban cike takardar harajin shekara ba."

"Ta bana?"

"Ta kowace shekara."

Ashe shekara shida da suka wuce ya je ya yi rajista, saboda wani dilan kayan gyara ya ƙi sayar masa sai da lambar haraji. Ya karɓi lambar ya dawo, bai sake bi ta titin ba.

Na ce, "To harajin da kake faɗa a rediyo fa?"

"Ba na sayen fetur? Ba na sayen katin waya da giya? Duk akwai rabonsu a ciki."

"Haka ma mahaukacin bakin kasuwa in ya sayi sigari."

Ya roƙe ni in bar wasa, kuma kada Fredesvinda ta ji. Tsoronsa na gaske ne. Ya daɗe yana cika mana baki da irin kuɗin da yake samu har shi kansa ya yarda, don haka ya ɗauka za a ƙwace rumfar, a haɗa da gidan.

Kwana uku yana tattara shaida a cikin kwalin takalmi. Wasu ayyukan a bayan tikitin caca ya rubuta su, wasu a jikin kwalin sigari. Na shekara guda cur kuwa a bangon rumfa suke da fensir, sai da muka ɗauki hoton bangon da waya.

Ranar Alhamis da na je ɗaukarsa ban gane shi ba. Ya sa wata tsohuwar riga mai yagaggen wuya, ya cire agogo, ya ƙi yin aski, ya naɗa tawul a wuya.

Ya raɗa mini, "Muryata za su gane. Kai za ka yi magana. Ka ce maƙogwarona ne."

A ofishin haraji, lamba sittin da uku muka samu a layi. Muka zauna awa biyu, yana rungume da kwalinsa yana kallon ƙasa. Da ya ci gaba a haka da mun fita lafiya. Sai ga wata ma'aikaciya ta ratsa zauren da kofin kofi a hannu, tana tafiya a hankali don kada ya zube. Na ga wuyansa ya miƙe. Kafin in kama shi, muryar nan da duk Santiago ta sani ta cika wurin.

"Awa biyu muna zaune, su kuma kofi. Da kuɗin wa?"

Kowa ya juyo. Wata tsohuwa ta nuna shi da sandarta ta ce, "Ai shi ne, na rediyo." Mutum uku ko huɗu suka yi tafi. A daidai lokacin aka kira sittin da uku, tebur na biyar. A tebur na biyar matar nan ce zaune, da kofinta a gefe.

Sunanta na rubuce a gabanta, Yudelka Almánzar, da laƙabin Licenciada da ake yi wa masu digiri. Ba za ta wuce shekara talatin da biyar ba. Ta gyara tabarau ta yi murmushi.

"Sannu da zuwa, Don Eulogio. Mahaifiyata ba ta bari shirinka ya wuce ta. Ranar Talata ma ta kira ni tana tambaya wai da gaske barci muke yi. Zauna mana, yanzu na farka."

Ya zauna. Ya warware tawul ɗin ya ajiye a cinya, tunda ba shi da sauran amfani. Ta buga lambarsa a na'ura, ta ɗan jima tana kallo, sannan ta sassauta murya yadda ba wanda zai ji sai mu.

"Shekara biyar, ba ko ɗaya."

"Ayyuka ne suka yi yawa, Licenciada."

"Na sani. Kullum ƙarfe bakwai."

Ta zazzage kwalin a tebur. Ban taɓa ganin haƙuri irin nata ba. Ta ware tikitin caca shekara-shekara, ta karɓi wayata ta faɗaɗa hoton bangon tana karantawa, wani wurin ta tambaye shi ko wannan bakwai ne ko tsagewar siminti. Shi kuwa ya shiga karanto abin da ya haddace tun daga gida. Sana'a ta mutu. Sabuwar fanka ta yi arha, mutane sun gwammace su jefar da tsohuwa. Gwiwarsa ta hagu tana ciwo. Yana da uwa a ƙauye.

Ta ɗaga hannu. "Kada ka wahalar da kanka. Ba a binka haraji ko peso ɗaya."

"An yafe mini?"

"Ba abin da za a yafe. Akwai adadin da doka ta ajiye. Wanda abin da yake samu a shekara bai kai shi ba, ba a karɓar komai a hannunsa. Kai ba ka kai ba."

Na ji daɗi har na dafa kafaɗarsa. Sai na ji ta yi tauri kamar katako.

"Ban kai ba?"

"Ko shekarar da ka fi samu, da sauran tafiya."

"A sake lissafi."

"Sau biyu na yi."

"Akwai ayyukan da ban rubuta ba. Da yawa. Ki ninka shi biyu."

Ta ɗan taɓa na'urar lissafi. "Ko na ninka, shekara uku daga ciki ba su kai ba. Kuma za ka sa hannu cewa abin da aka rubuta gaskiya ne. Ƙarya ƙarya ce, Don Eulogio, ko sama ta yi ko ƙasa."

Na taka ƙafarsa ta ƙarƙashin tebur. "Compadre, an ce ka tafi kyauta. Tashi mu tafi."

"Ni za a ce wa ban kai ba? Shekara ashirin da biyu ina sana'a. Rabin fankokin garin nan sun bi ta hannuna." Muryarsa ta fara hawa. "Ina da haƙƙi kamar kowa. Ba wanda zai hana ni biya."

A tebur na huɗu akwai wani ƙaton mutum mai sayar da kayan gini, tun ɗazu yake share gumi a kan takardunsa. Ya leƙo ya ce, "Don, in haraji kake nema ga nawa, na bar maka duka. Har gida zan kai ka a mota."

Dariya ta zagaya zauren. Licenciada ba ta yi ba. Ta cike takardun biyar, ta nuna masa inda zai sa hannu, ya sa yana huci. Sannan ta ce, "Akwai dai tarar jinkiri, tunda kowace ka kawo ta a makare."

Fuskarsa ta saki. "To, ashe zan biya."

"Tara za ka biya."

"A rubuta haraji a jikin rasit ɗin."

"Na'ura ce take rubutawa, kuma tara za ta rubuta."

A gaban tagar mai karɓar kuɗi wata matsalar ta taso. Don ya nuna talauci, Don Eulogio ya baro walat ɗinsa a gida, kuɗin mota kawai ya zo da shi. Ni ma abin da ke aljihuna bai kai rabi ba. Muna tsaye muna juya aljihu sai muka ji mai gadi a bakin ƙofa yana cewa, "Doña Fredesvinda, bana ma kin riga kowa."

Ita ce kuwa, da jakarta ta zuwa coci da wani shuɗin fayil a hammata, tana gaisawa da ma'aikata da sunayensu. Ta hango mu ta tsaya. Ta dube shi daga sama har ƙasa.

"Eulogio, wannan rigar ai na ware ta ne don goge ƙasa."

"Me kike yi a nan?"

"Abin da nake yi duk shekara. Kai fa?"

Ta zare takardar daga hannunsa ta karanta, ta buɗe jaka ta biya, ta karɓi rasit ta sa a fayil ɗinta.

Sai da muka fito bakin titi ya iya magana. "Tun yaushe?"

"Shekara tara ke nan."

"Kuma kin kai?"

"Tun shekarar farko."

"Ba ki taɓa gaya mini ba."

"Na gaya maka sau biyu, ka ce in bari ka gama waya." Ta gyara jakarta. "Kullum kana ta kuɗina, kuɗina a rediyo, matan da nake wa gashi suna kallona ta madubi. Na ce musu su ƙyale ka, nawa kake nufi. Ai aure ne."

Ta kai mu wani gidan abinci ta sayo mana shinkafa da wake da kaza. Da farko ya ce ba ya jin yunwa. Ya zauna yana kallon motoci. Daga baya ya ja farantin, ya cinye tas, har da soyayyar ayabar da ta rage a nata.

Labarin ya riga mu isa unguwa, ta bakin tsohuwa mai sanda, wadda ashe 'yar'uwar surukar Chepe ce. Kwana biyu 'yan achaɓa suna rage gudu a gaban rumfa suna tambayarsa ko ya kai. Ya rufe ƙofa rabi, ya ce rana ce take damunsa.

Bayan mako guda takardar ta fito, aka ba shi aikin. Wata biyu yana yawo makaranta-makaranta da tsani a kafaɗa, kuma a gaskiya ya yi aiki mai kyau, don har yau fankokin suna juyawa. A ƙarshen Mayu aka biya shi. Da tsakar rana sai ga shi a ƙofata da takardar biyan a hannu, bai ko yi sallama ba.

"Compadre, duba nan. Kuɗin bai cika ba."

Na sa tabarau na duba. A ƙasa an rubuta cewa an cire wani kaso tun kafin a ba shi, an aika ofishin haraji da sunansa, kamar yadda ake yi wa duk wanda ya yi wa hukuma aiki.

Na miƙa masa hannu. "Na taya ka murna. Wannan karon haraji aka rubuta, ga shi ɓaro-ɓaro."

Bai karɓi hannun ba. Ya zauna a kan dakalina yana ta kallon lambar, leɓɓansa na motsi. Na ga yana ƙirga yawan fankokin da ya gyara a banza.

"Ba su ko tambaye ni ba," ya ce. "Ni na hau tsanin. Ni wuta ta ja sau biyu."

"Haka ake yi wa kowa."

Ya ninke takardar ya sa a aljihu, ya waiga hagu da dama, sannan ya yi ƙasa da murya.

"An ce akwai yadda ake yi a dawo da shi. Fredesvinda tana da wani akanta da yake duba mata takardu. Je ka karɓo mini lambarsa. Ka ce kai kake so."