Wardin Merv

A watan Yuli, tsakiyar sanyi a wurinmu, dusar ƙanƙara ta yi kwana uku tana zuba a garinmu Adaminaby, ta danne wardina goma sha ɗaya har ƙasa. Rassa suka tsage. Ban damu ba, shekara arba'in ina ganin haka. A ɗaure wanda ya tsage, a jira sanyi ya wuce, a cire abin da ya mutu kawai.

Marigayi mijina Merv ne ya aurar da su da hannunsa a kan saiwar wardin daji. Uwarsa ce ta taso da irin daga tsohon gari kafin ruwan dam ya cinye shi. Fari ne mai ɗan rawaya a ciki. Babu wanda ya san sunansa, babu shagon da ke sayar da shi.

Sai na zame a bakin ƙofa, na karye a ƙugu, na yi mako uku a asibiti. Ranar da aka dawo da ni, ga Graeme mijin 'yata Raelene yana washe baki. Wai ya gyara mini lambu. Da injin yankan itace. Ya aske su daidai da ƙasa, ƙasa da ƙullin auren.

Na tambaye shi ko bai ga ƙulli kamar gwiwa a gindin kowanne ba. Ya ce ya gani, ya ɗauka ciwo ne.

"Mama, wardi ai kamar ciyawa ne, zai tofo."

"Zai tofo mana, shashasha. Na daji zai tofo. Na Merv ka kai bola."

Na sa ya kai ni bolar a motarsa. An riga an niƙe rassan. Raelene ta ce in yi haƙuri, alheri ya nufa. Na je wurin ɗan sandan garinmu, ya ba ni shayi, ya ce doka ba ta hana siriki wauta ba. Graeme ya kawo wardin shago goma sha ɗaya a tukwanen roba, na ce ya kwashe kayansa.

Abu ɗaya na nema: ya bi gidaje ukun da Merv ya taɓa ba reshe. Ya bi. Na farko an sayar, an zuba tsakuwa a lambun. Na biyu tumaki sun cinye. Mai na ukun, Beryl, tana gidan tsofaffi, ko sunanta ba ta tunawa, ɗanta kuma ya ce bai san zancen ba.

Yanzu Nuwamba. Goma sun tofo, kore shar, da 'yan furanni jajaye marasa ƙamshi. Graeme har cewa ya yi, "Kin gani ko?"

Na kusa da tankin ruwa ne kaɗai dutse ya kare daga injin, rabin ƙullin yana nan. Ba na iya durƙusawa. Kullum da safe nakan ja kujera in zauna, in tura ƙasar da sandata, in duba. Har yau babu komai.