Gyaɗar Ranar Haƙora

Wani dare Mai Agogo ya ji ƙarar da bai san ta ba, shi da ya ƙarar da ƙuruciya da tsufa yana kasa kunne a cikin agogon mutane. Kamar ƙudan zuma ne a tukunya, an lulluɓe da bargo. Ta yi, ta tsaya, ta sake. Ya ce a ransa wataƙila ƙusoshin bakinsa ne suka fara hira da ƙashi, ya juya ya koma barci.

Ƙusoshi ne na gaske. Likita ya tsaga dasashinsa ya ɗaure su a muƙamuƙi, kamar yadda shi yake ɗaure murfin agogo, ya ce sai ƙashi ya riƙe su, wata da watanni, kafin a ɗora haƙora. Kafin nan ba tauna, ba abu mai zafi, ba lasar wurin da harshe.

Matarsa ce ta matsa a yi. Shekara da shekaru tana yi masa gori: "Mutum da gemunsa yana mamular abinci kamar jinjiri!" Shi kuwa Mai Gardama yake kiranta. Ranar da ya yarda, ta soya gyaɗa da gishiri, ta bar ta ta ɗan ƙone yadda yake so tun yana da abin tauna, ta cika kwalba ta toshe.

"Ta ranar haƙora ce," in ji ta. "A gabana za ka ci, in ji ƙararta da kunnena."

Ko ranar aikin ba ta kai ba, Allah ya yi mata rasuwa.

Bai gaya wa kowa labarin kwalbar ba. Da matar ɗansa ta zo jinyarsa, sai ya miƙa mata. "'Yar nan, ɓoye min wannan inda idona ba zai kai ba. Zuciya ba ta da ƙashi."

Aka shiga jinya. Dankali markaɗaɗɗe, ƙwai mai ruwa-ruwa, ayaba da madara. Yakan ɗiba da ƙaramin cokali, ya karkata kai ya zuba ta gefen da ba ɗinki, ya haɗiye kamar magani. In ya gama ya kurkure da ruwan gishiri, ya sunkuya ya bar shi ya zubo da kansa, don an hana shi tofarwa. Mutumin da bai taɓa jin maganar kowa ba, ga shi yana bin dokar likita kamar ɗan makaranta. Amma cin bai taka kara ya karya ba. Ya rame har agogon hannunsa yana zamewa zuwa gwiwar hannu.

Tun daga daren ƙarar nan, ayaba da madarar ta sauya.

"Me kika sa a ciki? Ƙauri take yi."

"Baba, daure ka sha. Ƙarfi za ta ƙara maka."

"Ɗanɗanon tsufa gare ta. Kai wa kajin Tela, su ba su san daɗi ba."

Haka kullum: cokali kaɗan a cikinsa, saura a bayan katanga. Tela maƙwabcinsa yakan leƙo yana dariya. "Mai Agogo, Allah ya ja kwanan jinyar nan! Kajina har sun fara tafiya da rangwaɗa."

"Bari haƙoran su iso, a kan kajin naka zan gwada kaifi."

Ranar ta zo. Aka ɗora haƙora, likita ya ƙwanƙwasa su ya ce sun zauna daram. Duk hanyar gida yana haɗa su, tik, tik, yana jin saitinsu daidai. Ya yi wanka. Ya jawo kujerar Mai Gardama ya ajiye ta tana fuskantarsa, ya ɗora ɗankwalinta a kai, ya zauna.

"'Yar nan, kwalbata."

Ta kawo ta tana ƙyalli, ba komai a ciki.

"Ai tuni ta ƙare, Baba. Na ga ba ka cin abin kirki, ga shi kana marmarinta, shi ne nake markaɗa maka kaɗan-kaɗan a cikin ayabar. Da dare nake yi, in lulluɓe injin da bargo, don kada ka ji ka ce ba ka so. Bari in sayo sabuwa. Waccan ma duk ta ƙone."

Ya cire murfin, ya kai hanci. Sabulu.

"Kin wanke ta."

"Tas, Baba."

Ya kife kwalbar a tafin hannunsa ya girgiza. Ko ɓawo bai faɗo ba. Sai a lokacin matar ɗan ta lura da kujerar da ɗankwalin da ke kanta. Ta dubi kwalbar, ta dube shi, ta sa hannu ta rufe bakinta.

Can bayan katanga kaji suna tono. Tela ya ɗora haɓa a kan bulo, fuska duk fara'a.

"An ce haƙora sun sauka lafiya! To, Mai Agogo, da me za a fara?"