Bubayero Ya Gudu wa Rana

Duk Azare an san Bubayero, direban Alhaji Umara, ba ya wasa da ibada, amma shi da ƙishirwa ba sa ga maciji. Azumin shekarar 2000 ya faɗo a Disamba, cikin sanyi, kowa na hamdala. Shi kuwa da azahar ta yi sai ya hau hararar rana.

Wata la'asar a majalisa, Malam Sha'aban mai koyarwa a sakandare ya ce, “Nan da 'yan kwanaki za mu kai yini mafi gajarta a shekara. Kuma iya nisan ƙasa da tsakiyar duniya, iya gajartarsa. Sai dai…”

Bubayero bai tsaya jin sai dai ba. Dama Alhaji ya daɗe yana lallashinsa ya raka shi Afirka ta Kudu duba shanun madara, yana noƙewa. Ai kuwa nan take ya je ya ce ya amince. Ya cika jaka da rigunan sanyi, ya bi abokai yana yi musu jaje.

“Ku yi ta fama. Mu can kafin miyau ya bushe an kira magariba.”

Suka sauka cikin zafi. Ranar farko shida ta yi, bakwai ta wuce, rana na tsaye ƙyam, ko niyyar tafiya ba ta yi. Sahur kuma tun mutum bai gama juyi ba alfijir ya keto. Bawan Allah ya zama abin tausayi ƙwarai. A rana ta uku ya tuna matafiyi yana da rangwame, ya kafa kai a famfo.

Ya dawo bayan salla a rame, ga ramuwa a wuya. Bai ko huta ba ya nufi Malam Sha'aban.

“Malam, ka cuce ni!”

“Kai ka tashi ban gama ba. Duniya a karkace take. Ranar da yininmu na arewa ya fi gajarta, ranar nasu na kudu ya fi tsawo.”

Bubayero ya matso kusa, ya tambaya.

“To su yaushe nasu yake gajarta?”

“Watan Yuni.”

Washegari yana tuƙi, ramuwar azumin na ransa, ya gyara murya, ya dubi Alhaji ta madubi.

“Ranka ya daɗe, shanun nan fa, ya kamata a koma a sake duba su a Yuni.”