Fitilun da Suka Hango Tsauni

Ristin ba ta roƙi mijinta Torvald wani abu mai wuya ba. Garke ya sauko daga tsauni, bareyin ƙasar ƙanƙara da ake kiwo kamar shanu sun fara fitowa bakin titi suna lasar gishirin da ake watsawa saboda santsin ƙanƙara, kuma Fara na cikinsu. Fara ce barewa ta ƙarshe mai ɗauke da tsagar kunne ta shaidar dabbobin mahaifin Ristin, wanda aka binne bara. Abin da ta ce kawai, ya je garin Arjeplog a sa wa motarsa ta shiga daji ƙarin fitilu masu baza haske dama da hagu.

"Masu faɗi, Torvald. Ka ji ko?"

"Na ji mana, ai ni ba kurma ba ne."

Ya ji ɗin kuwa, da kyakkyawar niyya ma ya shiga shagon Gunvor mai sayar da kayan mota. Abin da ya ɓata lamarin shi ne ya tarar da maƙwabcinsa Börje a ciki yana kurɓar gahawar kyauta, ga motar Börje a waje da manyan fitilu huɗu jere a goshi. Shekara talatin Torvald yana arewa, amma har yau Börje bai daina ce masa ɗan kudu ba, abin kuma yana ci masa tuwo a ƙwarya.

Gunvor ta ajiye iri biyu a kan kanta. "Wannan ba ta zuwa nesa, amma duk abin da ya motsa a gindin bishiya sai ka gan shi. Wannan kuwa kilomita guda take harbawa, siririya kamar sanda. Gefenka duhu ne ƙirin."

"Ba shi mai faɗin," in ji Börje. "Ɗan kudu da tafiyarsa ta hawainiya, me zai yi da kilomita? Ko tocila kika ɗaura masa ta ishe shi."

Kunnuwan Torvald suka yi zafi. Ya ɗora yatsa a kan siririyar. "Guda huɗu."

"Ristin ce ta ce haka?" in ji Gunvor.

"Ni ke tuƙa motar ko Ristin?"

Gunvor ta taɓe baki ta kira mai ɗaurawa. Mutum ya kusa sittin, a ce maganar ɗan zaman shago ita ke zaɓa masa fitila, wannan abin takaici ne.

Kafin a gama ƙarfe uku ta yi, kuma a Disamba a nan arewa war haka duhu ya riga ya rufe gari. Ya kunna fitilun ya kama hanyar gida, daɗi ya kama shi kamar yaron da aka saya wa keke. Titi ya miƙe fes, har allon kwanar da ke can ƙarshen tafki yana ƙyalli. Baƙaƙen ledojin da makiyaya ke ɗaurawa a sanduna don a san garke na kusa sun wuce ta gefensa, a cikin duhu. Bai ga ko ɗaya ba.

Ƙarar ƙararrawar wuyan dabba ya fara ji, sannan ya ji dukan.

Ya sauko daga motar. Barewa ce kwance a kwalbati, fara a kan farar ƙanƙara, ƙafafun baya a karye, tana kallonsa. Ya san abin da ake yi: a ƙarasa dabba, a yanke kunnuwa a kai wa mai ita. Bai buƙaci duba tsagar ba, amma ya shafa ta da yatsa, biyu a dama, ɗaya a hagu. Ya zaro wuƙa. Ya tsani kansa, ya tsani Börje, ya fi tsanar kansa.

Da ya shigo tsakar gida, ya manta bai kashe fitilun ba. Haskensu ya tsallake rumbu da shinge ya tafi can ya daki ƙirjin tsauni. Ristin ta fito da rigar sanyi a kafaɗa, ita kanta a duhu take tsaye, taku uku daga motar.

Ya miƙa mata kunnuwan da ƙararrawar. Ta shafa tsagar mahaifinta sau ɗaya, ta sa a aljihu. Ba ta yi kuka ba, shi kuwa da kukan ta yi da ya fi masa sauƙi. Ta juya ta bi hasken da kallo har ƙarshensa.

"Lallai suna gani nesa," ta ce. "Bar su a kunne, Börje bai gani ba tukuna."