Ajiyar da Aka Ba Larai

Jiya da dare na yi wani mafarki, kuma har yanzu bai sake ni ba. Amma bari in fara gaya muku wace ce Larai, kada ku ɗauka aure na ƙara. Larai kyanwata ce. Ranar Laraba ta shigo zaurena tana 'yar mitsitsiya, shi ya sa matata Tabawa ta raɗa mata sunan. A da idan ta bi ɓera, sai dai ka ji labari. Yanzu ɓera a gabanta yake wucewa, har ya tsaya ya yi susa.

Shekaranjiya na sa ta a kwali na kai ta wurin likitan dabbobi, don numfashinta ya fara fita da ƙara. Ya ɗora ta a sikeli ya ce kilo takwas, alhali rabin haka ya ishe ta. Ya ce a raba ta da tuwo da ƙosai da man shanu, a koma dafaffen kifi ko kaza ba fata ba mai, rabin gwangwanin tumatir da safe, rabi da yamma. A kuma rage mata a hankali, kada a yanke mata abinci lokaci ɗaya hantarta ta taɓu. In ba a yi haka ba, in ji shi, kada in sa rai za ta ga wata damina. Sannan ya tambaye ni me take ci haka. Na dubi idonsa na ce ɓeraye.

A mafarkin, na ga kaina da rana tsaka a wani gari, ina tura Larai a baro. Ta kai girman rumbun gero, amma baron bai yi ƙorafi ba. Ruwa ake yi, sai dai daga ƙasa yake tsatsowa ya tashi sama. Mata sun kife robobi a kan igiyar shanya suna tara. Maza kuwa kowa ya taka lemarsa yana tafiya, kawunansu a bushe. Ban yi mamaki ba, na dai naɗe ƙafar wandona.

"Malam Cindo," in ji Larai, "ka bi a hankali da gargada. Numfashin nan saura mudu ɗaya."

"Idan ya ƙare fa?"

"Shi ke nan ya ƙare."

Sai ga mu a kasuwa. A kasuwar nan abinci ne ke tallan kansa. An tsare ƙosai a bayan waya suna ta kuka da mai, wata akuya mai kulki tana gadinsu. Man shanu ya gan ni ya sunkuyar da kai, don mun san juna. Wata kaza tana zaune a kan turmi tana tuɓe fatarta kamar mai cire rigar sanyi, ta ce da ni, "Duk fitinar a nan take, Malam, naman ba ruwansa." Ni kuwa kifi nake nema, sai wata tarwada ta ɗaga min gashin baki daga cikin daro.

"Ni ban taɓa ganin mai ba," in ji ta, "ko a hoto. A ruwa aka haife ni, a ruwa za a dafa ni. Rabin gwangwani, ko?"

"Haka likita ya ce."

"To kawo gaisuwa."

Ashe a garin da gaisuwa ake ciniki. Na sa hannu a aljihu na ji shi cike dam. Na damƙo na zuba mata a faranti, ina kwana da ina wuni da yaya gajiya, duk sun bushe sun yi fumfuna. Tarwada ta juya ɗaya da wutsiya ta karanta bayanta.

"Waɗannan ai da sunan wani a jiki. Nomau. Ba ma karɓar kayan mutane."

Nomau maƙwabcina ne, mai wankin hula, katanga ɗaya ta raba mu. Na yi kamar ban ji ba, don ni gwani ne wajen wannan. Tarwada ta ji tausayina ta ba ni kanta kyauta. Na ciro gwangwanin tumatir, na auna rabi daidai, har ina kankare saman da yatsa, na ajiye gaban Larai. Kafin ta sunkuya, gwangwanin ya buɗe baki ya zama babbar langar gidana mai zanen fure, cike da tuwon dawa da miyar kuka, man shanu na kwance a gefe ɗaya. Na zubar na sake aunawa. Ya sake zama langa. Sau bakwai ina yi.

"Ba a nan matsalarka take ba," in ji kazar. "Je ka ofis."

Sai na gan ni a Ofishin Awon Loma. Duk ma'aikatan awaki ne. Wadda ke bakin ƙofa, mai tabarau, ta ce in kawo takarda. Na miƙa mata wadda likita ya rubuta min. Ta cinye ta tas, ta lashe baki, ta ce an karɓa, in shiga.

Shugaban ofishin wani tsohon bunsuru ne da hula zanna, gemunsa har kan tebur. Warinsa ya riga shi gaishe ni. A tsakiyar ɗakin akwai sikeli irin na masu awon gyaɗa. Awaki huɗu suka ciccibi Larai suka ɗora. Sikelin nan ba ya nuna lamba, magana yake yi. Ya yi gyaran murya ya ce, "Rabi Larai, rabi Nomau."

"Ya lalace," na ce.

"Tun zamanin kakana yake aiki," in ji bunsurun. "Kyanwarka ba ƙiba ta yi ba, Malam Cindo. Ajiya aka ba ta. A kawo fayil."

Wata akuya a kusurwa ta lumshe ido ta yi tuƙa, fayil ya dawo daga cikinta a jiƙe, ta ajiye a tebur. Ban buƙaci a karanta min ba. Na san abin da ke ciki.

Shekara ashirin da biyu muna ciyayya da Nomau a ƙofar gidana. Bayan magariba ya fito da langarsa, in fito da tawa, mu haɗa a tabarma ɗaya mu ci, ba mai duba na wa ya fi nama. Sai matarsa ta rasu. Bayan nan ciwon baya ya hana shi durƙusawa a kan wankin hula. Langarsa ta fara zuwa rabi, ta koma zuwa da gari da ƙuli, daga baya ta daina zuwa. Tabawa ta dai ƙara hannu a tuƙi, tana zuba na mutum biyu, man shanu a gefen da Nomau ke ci don shi ne mai sonsa. Wata rana, ga mutane biyu sun tsaya muna gaisawa, ya wanke hannu zai sa a langa, sai bakina ya riga hankalina. Na ce, "Nomau, yau ma hannu ka kawo mana?" Mutanen suka yi dariya, ni ma na yi. Ya ci loma ɗaya, ya ce alhamdu lillahi, ya shiga gida. Bai ƙara fitowa tabarmar ba.

Na kasa gaya wa Tabawa. Ta ci gaba da zuba na mutum biyu. Langa kuwa in ta koma cikin gida da saura, tambaya za ta biyo baya. Don haka kullum sai in ci nawa, in shiga zaure in tura wa Larai gefen mai man shanu. Wata takwas ke nan. A masallaci ma sai in bari ya shiga sahu in tsaya a ɗaya ƙarshen. Kunya ce ta fara hana ni zuwa wurinsa, daga baya kuma kunyar daɗewar da na yi ban je ba.

"Ranka ya daɗe," na ce da bunsurun, "wallahi wasa nake yi."

"An auna wasan. Kilo huɗu ne."

"To yanzu me zan ba ta? Kifin ne, ko kazar?"

"Ka ba ta ko wanne. Muddin langa na fitowa da rabon mutum biyu ta tarar da mutum ɗaya, gwangwaninka wahalar banza yake sha." Ya buga hatimi a kan gemunsa. "Saura rabin mudu. Na gaba!"

Sai ga ni a ƙofar gidana. Tabarmarmu na shimfiɗe, ruwa na tsatsowa ta ramukan saƙarta. Nomau na zaune a inda ya saba zama. Ya rame ƙwarai, idan ya juya gefe sai in neme shi in rasa, sai ya juyo in sake ganinsa. Huluna na shawagi a kansa suna wanke kansu da kansu. Hannun rigarsa na dama kuwa ba kowa a ciki.

"Nomau, ina hannunka?"

"Na bar shi a gida. Na ga kamar ya cika zuwa."

Bai faɗa da fushi ba. Da ma da fushin ya faɗa, da na sami abin riƙewa.

Larai ta gangaro daga baro da ƙyar ta tsaya gaban langa. Ta yi tari, sai loma ta fito, sabuwa fil, tana tururi, da man shanunta. Ta sake tari, wata ta fito. Lomomin suka riƙa jeruwa a langa, na ranar Talata kusa da na ranar Laraba, har da na daren sallah mai tsokar rago. Kowace ta fito sai Larai ta ragu kaɗan. Daga rumbu ta koma buhu, daga buhu ta koma tulu.

"Ni fa tuwo bai taɓa burge ni ba," ta ce tana haki. "Mu nama muka gada. Na ga kana turo min kana kallon ƙofar gidansa ne, na ce bari in rufa maka asiri."

Wannan magana ta fi ta bunsuru zafi. Dabbar da na ɗauka ina yi wa gata, ashe ita ke ɗauke min kaya, har yana neman kashe ta.

Langa ta cika ta yi tozo. Na tura gaban Nomau na ce bismilla. Ya dubi tuwon, ya dubi hannun rigarsa. Larai ta tsaya a girman tulu, ta kasa ƙara raguwa.

"Sai ya ci," in ji ta. "In bai ci ba, dawo min zai yi. Saura tafi ɗaya, Malam."

Na buɗe baki in ce ya yafe ni. Kalmar ta fito, amma a garin nan duk abin da ya jiƙe sama yake yi, ita kuwa ta jiƙe da hawaye. Ina kallo ta bi ruwa ta wuce kan Nomau, ta wuce hulunan, ta tafi. Na sake faɗa, ta sake tafiya. Na zazzage aljihuna, gaisuwar wata takwas ta zube a tabarma, ita ma ta jiƙe ta tashi. Nomau ya ɗaga kai yana kallonsu kamar mai kallon balbelu.

"Da ka kawo su da ɗuminsu," ya ce.

Na gutsuro loma da hannuna na kai masa baki. Sai tabarmar ta fara tashi da shi, don ita ma ta sha ruwa. Na yi ɗage, na hau kan baro, ina miƙa hannu, tsakanin lomar da bakinsa bai fi taƙi ɗaya ba. A ƙasa ina jin numfashin Larai yana ƙara, ƙurr, ƙurr, kamar ana kankare ƙarfe. Na kira sunansa. Ƙarar ta ci gaba, ƙurr, ƙurr.

Na buɗe ido. Gari ya waye har rana ta leƙo ta taga. Larai na kwance a bakin ƙofa, kilo takwas ɗinta cif, cikinta na hawa da sauka. Ƙarar kuwa daga tsakar gida take. Tabawa ce ke kankare langar jiya da soson ƙarfe. Na fito na tsaya a kanta, hannuna na dama har yanzu a dunƙule kamar da loma a ciki.

Ba ta ɗago ba. Ta tsinci wani abu a bakin langar, ta ɗaga shi a hasken rana, ta yarfar.

"Wata takwas ina tsince gashin kyanwa a gefen Nomau," ta ce. "Ina jira ka faɗa da bakinka. Malam, na mutum nawa zan tuƙa yau?"