Ranar da Sabuwa Ta Amsa 'Yarta

Ba a taɓa ganin Malam Dauda yana gudu a garin Gashuwa ba sai ranar da labari ya iso cewa Asta ta ci jarrabawa. Mutum ne mai jera allunan 'yan aji daga babba zuwa ƙarami, amma ran nan hula a hannu ya ratsa kasuwa, ya gangara bakin kogi inda mata ke bandar kifi.

"Sabuwa! Albishirinki! An ɗauki Asta makarantar horon malamai mata a Kano. Ci da sha da tufafi da littattafai, duk hukumar En'e ta ɗauki nauyi!"

Mata suka yi caa. Meram, maƙwabciyar Sabuwa, ta rangaɗa guɗa. Ita kuwa Sabuwa ko ɗaga kai ba ta yi ba.

"Malam, matsa daga hayaƙin nan, kada rigarka ta yi ƙauri."

Malam bai ji haushi ba. Asta 'yar fari ce, kuma Sabuwa ta riƙe kunyar 'yar fari da hannu biyu. Ba ta taɓa kiran sunanta ba, sai dai "waccan". Tun da mijinta ya rasu ita ke ciyar da gidan da kifin nan, ita ke sayen sabulun wanke kayan makaranta, amma ta hannun Meram take aikawa. Malam dai ya lura kifi ɗaya take ta juyawa har ya ƙone.

Abin da ya rage kawai shi ne a je Nguru, akawun ilmi ya ga yarinya da mahaifiyarta, a sa ta jirgin Kano a ranar. Malam ya shirya komai. Ya koya wa Asta gaisuwar Turanci da yadda ake sauka daga jirgi, har akwatin ƙarfensa ya ba ta aro. Suka hau motar kifi, Meram da wasu mata suka maƙale wai rakiya, ana tafi ana waƙa, duk ramin da mota ta faɗa sai a kwashe da dariya.

Ofishin yana jikin tashar jirgi. Akawun, Mista Jerome, mutumin Kudu ne, bai daɗe da zuwa ba, Hausarsa tana ɗingishi amma tana tafiya. Ya ce ƙa'ida ɗaya ce: uwa ko uba ya faɗa da bakinsa cewa 'yarsa ce kuma ya yarda, don a baya an sha kawo 'ya'yan mutane ba da saninsu ba. In babu wannan, gurbin na wata yarinya ne da ke jira a Geidam.

"Mama, wannan 'yarki ce?"

Sabuwa ta ja gyale ta dubi bango.

"Mama?"

"Allah shi ne masani," in ji ta.

A nan Malam ya gane kuskurensa. Ya shirya yarinya, ya shirya akwati, ya manta bai shirya uwa ba.

Jerome ya sake dabara. "To, 'ya'yanki nawa?"

"Uku."

"Malam ya ce huɗu!"

"To Malam ya fi ni sani."

"Yaya sunan wannan?"

"Ba ga ta nan ba? Tana da baki."

Jerome ya ajiye alƙalami. "Malam, ka ɗauko mata uwar haya a kasuwa ne?"

Meram ta leƙo ta taga. "Haya? Ni na yanke cibiyar yarinyar nan, ɗan nan! Dubi goshin, dubi wushiryar, sak uwarta!"

Malam ya zauna ya yi bayani a tsanake, yadda yake koyar da lissafi: a nan uwa ba ta amsa ɗan fari a gaban mutane, ba ƙi ba ne, kunya ce. Jerome ya saurara har ƙarshe, ya ce a garinsu da sunan ɗan fari ake kiran uwa, har ta manta nata. Sabuwa ta ce, "Subhanallahi!" Amma Jerome ya ce hannunsa a ɗaure yake, sai kunnensa ya ji. Can waje an fara rufe ƙofofin taragai.

Asta ta sunkuya ta ɗauki akwatin. "Malam, a bar ta. Mu koma gida. Ai na iya banda."

Kafaɗar Sabuwa ta motsa. Malam ya gani, ya matsa kusa da ita ya yi ƙasa da murya. "Sabuwa, in kowa ya fita fa? Daga ke sai baƙon nan, shi ko sunan unguwarku bai sani ba."

Ta ce, "Har da kai."

"Har da ni."

"A kori Meram daga tagar nan."

Aka fita, aka ja ƙofa. Malam ya tsaya a baranda da Asta da matan, ga fasinjoji da 'yan dako cike da fili. Daga ciki suna jin Jerome: "Ban ji ba, Mama. Ƙara ɗagawa." Can kuma: "Har yanzu ban ji ba."

Sai jirgi ya saki usur, dogo, mai toshe kunne. Jerome ya yi ta ihu a ɗaga murya. Ashe Sabuwa ta ga ta samu mafaka, ta cika ƙirji da iska. Usur ya yanke kwatsam, muryarta ita kaɗai ta cika tasha:

"Na ce ni na haife ta! Asta 'yata ce! Ta fi 'yar kowa kai a Gashuwa! Ta tafi, na yarda!"

Kowa a tasha ya waiwayo. Wani ɗan dako da buhun gyaɗa a ka ya ce, "To, Allah ya raya." Sai wuri ya ɓarke. Meram ta faɗi zaune tana guɗa tana dariya, mai sayar da rake ya hau buga faranti, Malam Dauda kansa ya tarar yana tsalle, takalminsa ɗaya ya fice.

Asta ta tsaya rungume da akwati, tana dariya hawaye na zuba. "Malam, ka ji? Ta iya sunana!"

Jerome ya fito yana goge ido, ya ce a ruga, an gama. Aka cusa Asta ta ƙofar tarago, akwati ya bi ta taga. Sabuwa ta fito a lulluɓe ruf, ido ɗaya kawai a waje, ta tsaya bayan Malam har jirgin ya fara motsi.

"Malam," ta ce a hankali, "mutum nawa suka ji?"

"Kaɗan ne. Nguru ce kawai."

"Meram fa?"

Malam ya waiwaya. Meram ta riga ta tare direban motar Gashuwa, tana kwaikwayon muryar da hannu a ƙirji.