Katifar Aku

A ma'aikatar narka tsofaffin batura babu wanda bai san Sabulu ba. Wanka ne ya jawo masa sunan. Idan aka tashi aiki, sauran ma'aikata su watsa ruwa a fuska su kama gabansu. Shi kuwa sai ya shige banɗaki da soso, ya dirje har bayan kunne, ya bi ƙarƙashin farce da buroshi, ya kulle kayan aiki da takalmi a akwatin ƙarfe, sannan ya fito cikin kayan gida.

"Wata rana sai ka wanke kanka ka ƙare," in ji abokan aikinsa. "A zo nemanka a tarar da kumfa."

Bai taɓa kulawa ba. Akwai wata likita da ke zuwa duk bayan wata uku tana ɗibar jininsu saboda binciken da take yi. Tun zuwanta na farko ta gaya musu cewa dalma ba ta wari, ba ta ɗaci, kuma tana bin mutum gida a gashi da riga. Ya ji, ya riƙe. Duk sanda aka liƙa sakamako a allo, lambarsa ce mafi ƙanƙanta, kuma a wannan allon na ƙasa shi ne gwani.

Yana da 'ya ɗaya, shekararta biyu da rabi. Aku suke ce mata saboda surutu. Wata biyu da suka wuce ta fara kukan ciki, ta daina bayan gida sai da ƙyar, ta riƙa amai. Aka ba ta maganin zazzaɓi, aka ba ta na tsutsa, aka ce haƙori ne. Sai kalmominta suka fara zubewa ɗaya bayan ɗaya, har ya rage daga "Baba" sai "ruwa". Ranar Talata da safe tana riƙe da kofi ta sandare, idanunta suka juye, ta faɗi tana jijjiga.

A asibiti likitan yara ya tambayi sana'ar uban, ya aika da jini, sannan ya buga waya. Da rana sai ga likitar ma'aikatarsu ta sauko daga bene da takarda a hannu. Ta same shi a bakin ɗakin yara, matarsa na zaune a benci da cikinta na wata bakwai.

"Malam, naka nawa ne a gwajin ƙarshe?"

"Goma sha huɗu, Likita."

"Nata casa'in da shida."

Dariya ta kuɓuce masa kamar tari. "An haɗa jini ne. Na wani ne."

"Sau biyu aka gwada. Na biyun da hannuna na ɗiba."

"Ko mai tsayuwa bakin tanderu bai taɓa kaiwa sittin ba! Yarinyar da ko ƙofar ma'aikata ba ta taɓa gani ba?"

"Na sani."

"Baban Aku, me take cewa?" in ji matarsa. Ya ga idonta ya sauka a kan hannuwansa, ya daɗe a wurin. Bai san sanda ya mayar da su baya ba.

Likita ba ta iya kwana-kwana ba. Ta ce an fara ba yarinyar maganin da ke janyo dalma daga jiki ya fitar ta fitsari. Ta ce dalmar ta taɓa ƙwaƙwalwa, shi ya kawo jijjigar. "Amma ba zan bari a sallame ta ba sai na san inda take samunta. Idan ta koma wurin, mun zama masu ɗibar ruwa da kwando, kuma ba kowane yaro ke tashi daga jijjiga ta biyu ba. Gobe zan zo gidanku."

Washegari suka bar kakar yarinyar a asibiti, suka taho su uku a motar Likita. Gidan haya ne, ɗaki biyu da 'yar baranda. Likita ta cire takalmi, ta buɗe jaka, ta ɗauko wata na'ura mai kama da bindigar wasan yara. Idan ta ɗora bakinta a kan abu ta danna, sai ta yi ƙara, lamba ta fito a bayanta.

Ta fara da bango. Ta bi fentin taga, ƙofa, tukwane, cokula, kofin Aku, 'yar tsanarta mai hannu ɗaya. Ta ɗebi ruwan famfo a kwalba. Daga nan ta juyo kansa: takalmansa, hularsa, matashin kansa, sirdin kekensa, har tawul. Sabulu yana biye da ita kamar wanda ake wa binciken sata. Duk sanda na'urar ta yi ƙara sai ya ɗauke numfashi.

"Babu," in ji Likita. "Nan ma babu. Kayanka sun fi nawa tsabta."

"Kin ji ko?" ya ce wa matarsa. Muryarsa ta fita da ƙarfi fiye da yadda ya so.

"Na ji. To sai mu ce daga sama ta faɗo mata."

Likita ta durƙusa a baranda, ta ɗora na'urar a kan siminti kusa da igiyar shanya. Ta dubi lambar, ta matsa taku ɗaya, ta sake dannawa.

"Me kuke yi a nan?"

"Shanya kawai," in ji matar. "Sai katifarta. Kin san yara da fitsarin kwance. Kullum sai na fitar da ita rana, idan ta bushe in bubbuge ta da sanda."

Sabulu ya waiwaya ya dubi ƙofar ɗaki. Bai san dalili ba tukuna, ko kuwa ya sani bai yarda ba.

Katifar tana gefen gadonsu, a ƙasa. 'Yar ƙarama ce, an yi mata riga da yadi mai furanni. Kusurwa ɗaya ta yi baƙi, ta huje, don nan Aku ke tsotsa idan barci ya zo mata. Likita ta ɗora na'urar a tsakiya ta danna.

Ta dubi lambar. Ta miƙe, ta je ta ɗora ta a bango, ta duba, ta dawo kan katifar. Ta gwada kusurwar da ta huje. Sai ta ajiye na'urar a hankali kamar mai gudun kada ta tashi wani daga barci.

"Maman Aku, fita waje."

"Lafiya?"

"Ki fita har bakin titi. Kada ki taɓa komai. Yanzu."

Matar ta fita tana waiwaye. Likita ta sa takunkumi da safar hannu, ta miƙa masa nasa, ta ɗauko almakashi ta farke ɗinkin gefe. A ciki wani yadi ne mai kauri, ruwan toka, an ninka shi huɗu. A bakinsa akwai lambobi da baƙin tambari. Ta tsura wa tambarin ido.

"Wannan jakar tace ƙura ce," ta ce. "Ta injin da ke zuƙe hayaƙin tanderu."

"Ita ce."

"Me ya kawo ta nan?"

"Ba ni aka yi."

"Wa ya ba ka?"

"Shugaban sashe. Idan an zo canza su, wanda ya fi kowa ƙarancin lamba a allonki shi ke fara zaɓa. Tukuici ne. Don a ƙarfafa wa mutane gwiwa su riƙa wanka." Ya ji maganar a kunnensa kamar wani ne ke yin ta. "Yadi ne mai kyau, Likita, ba ya yagewa. Amma na wanke ta. Ni da kaina, ban bar wa Maman Aku ba. Sau uku, da sabulu da ruwan zafi, har sai da ruwan ya fita fari tas."

Likita ta zauna a bakin gado ba tare da an ce ta zauna ba.

"Malam, aikin wannan yadin ke nan, ya kama ƙura ya ƙi sakinta. Don haka aka saƙa shi. Wata shida yana shan abin da ya kamata ya shiga huhun mutum arba'in. Ko shekara ka yi kana wankewa, na sama kawai za ka cire. Na ciki sai an kwanta a kai, ko an buga da sanda, ko an tsotsa."

"Ruwan ya fita fari," ya sake cewa.

"Tun yaushe take kwana a kai?"

"Tun da aka yaye ta."

Ya tuna ranar da ya shigo da jakar a naɗe a bayan keke, yana taƙama. Ya tuna ya ce wa matarsa wannan ko a kanti ba a samun irinta. Ya jingina da bango, ya zame har ƙasa. Shekara uku yana dirje fatarsa don kada ya shigo da ko ƙwayar ƙura, ashe buhu guda ya ɗauko da hannunsa ya shimfiɗa mata.

"Shekara biyu na yi ina faɗa da masu ma'aikatar nan kafin su sa injin nan," in ji Likita. Ba shi take kallo ba, yadin take kallo. "Da aka sa, jininku ya sauka, na rubuta rahoto na ce a zo a yi koyi da ku. Na tambayi abin da ake yi da tsofaffin jakunkuna. Aka ce ana kwashewa. Na rubuta ana kwashewa. Ban tambayi zuwa ina ba."

Ta ɗago kai. "Guda nawa ake cirewa a lokaci ɗaya?"

"Goma sha biyu."

"Sauran fa, bayan ka zaɓa?"

"A raba. Wani ya yi labule, wani shimfiɗar falo. Mai gadi ma rufin kejin kaji ya yi da tasa."

"Innalillahi," in ji Likita a hankali. Ta ciro takarda da biro, ta rubuta wani abu, ta soke, ta miƙa masa. "Rubuta min sunan duk wanda ka san ya ɗauka. Kada ka tsallake kowa, ko wanda ya bar aiki."

Daga bakin titi matarsa ta ɗaga murya. "Wai me kuka gani ne? Ku yi min magana mana!"

Shi ya fita ya gaya mata. Bai ƙawata ba, bai rage ba. Ya tsaya yana jiran ashar, ko mari, ko kuka. Ba ta yi ko ɗaya ba. Ta dubi tafin hannunta na dama.

"Ni fa nake bugawa," ta ce. "Kullum. Tana tsaye kusa da ni tana tafi, wai ƙura na rawa a rana." Sai ta dafa cikinta da hannu biyu.

Likita ta fito da katifar a cikin baƙar leda biyu, ta ɗaure bakin da tef. "Ke ma yau zan ɗebi jininki, saboda na cikin. Ba za ku kwana a nan ba sai an goge ɗakunan da jiƙaƙƙen tsumma, bango da ƙasa. Kada wanda ya sa tsintsiya. Idan na gwada na ga sun yi, Aku za ta dawo gida."

"Za ta warke?" in ji Sabulu.

"Tunda mun raba ta da wannan, maganin zai yi aiki. Ina sa ran jijjigar ba za ta dawo ba."

"Maganarta fa?"

"Ban sani ba. Wasu yaran suna dawo da mafi yawa. Wasu ba sa dawowa da shi. Sai ta shiga makaranta za mu san iyakar abin da ya tafi."

Ya gyaɗa kai. Ya ɗora takardar a kan sirdin keke ya fara rubuta sunaye. Ya rubuta bakwai. A na takwas biron ya tsaya.

"Baban Aku?" in ji matarsa. Sai ita ma ta tuna, ta toshe baki da hannu.

Sau biyu ya ci tukuicin. Jaka ta biyu ƙanwarsa ya ba, wata biyar da suka wuce, da ta haifi ɗanta na fari.

Ya ciro waya ya kira ta. Sai da ta yi ƙara sau biyar kafin a ɗauka.

"Yaya! Ya jikin Aku? Wallahi yanzu nake shirin..."

"Ina yaron?"

"Yana barci. Da ƙyar na samu ya kwanta."

"A kan me?"

"A kan katifar da ka ba mu mana. Ai ba ya yarda da ko'ina sai ita."

"Ɗauke shi."

"Haba Yaya, yanzu fa ya..."

"Ɗauke shi ki fita da shi waje. Kada ki kakkaɓe ta, kada ki naɗe ta. Ga mu nan zuwa mu ɗauka."

Ta yi dariya. "Kyauta da ƙwace? Da girmanka?"

"Ƙanwata," ya ce, "kin ɗauke shi?"

Dariyar ta tsaya. Ya ji motsin ƙafarta, ya ji ƙarar ƙofa, sannan ya ji jaririn ya tsala kuka don an katse masa barci.

"Na ɗauke shi," ta ce. "Yaya, me ya faru?"

Likita ta riga ta buɗe ƙofar mota.